Kwalba Mai Hoton Saniya

A Garwa, idan mace ta ce zafi ya dame ta, ba wanda zai ɗaga kai ya dube ta. Kowa yana ji. Daga ƙarshen rani zuwa saukar ruwan farko garin kan zama kamar an kifa masa kasko, har itatuwan darbejiya da ke bakin titi sai su yi tsit, ganye ɗaya ba ya motsi. Shi ya sa na daɗe ban gane cewa zafin da ke damuna ba na gari ba ne.

Ina da rumfar atamfa a babbar kasuwa. Ta mahaifiyata ce, na gada. Kakanninmu fatake ne, daga Najeriya suka zo suka zauna a unguwar Hausawa, daga baya mazan gidanmu suka rabu, wasu suka kama fawa, wasu suka ci gaba da kasuwanci. Ni an sa ni makarantar boko, na iya Faransanci daidai gwargwado, amma da ƙafafun Inna suka fara ciwo sai na dawo rumfa don in taya ta, ban sake barin wurin ba. A shekarar da nake ba da labarinta na doshi hamsin, Inna ta daɗe da rasuwa, 'ya'yana sun girma.

Abin yakan taso ne daga ƙirji, kamar an buɗe murfin tukunya a cikina. Ya hau wuya, ya cika fuska, ya kai har kunnuwa. Sai gumi ya keto ta ƙarƙashin ɗankwali ya bi bayana. Kafin in gama gogewa ya wuce, ya bar ni da wani sanyi-sanyi marar daɗi. Al'adata ma ta fara yi mini wasa, ta zo wannan watan, ta tsallake na gaba, ta dawo lokacin da na cire rai. Barci ya ragu. Ga saurin fushi, wanda ba halina ba ne. Wata safiya na yi wa maigidana faɗa a kan ya ajiye kofin shayi a inda ya saba ajiye shi tun aurenmu. Ya dube ni, ya ɗauke kofin ya mayar da shi wani wuri, ya fita. Da yamma ya dawo da sabuwar fanka ya dasa a gefen gadona. Iyakar fahimtarsa ke nan, kuma na gode masa a zuciyata.

A gidanmu wannan abu ba shi da suna. Idan ya sami mace sai dai a ce ta girma. Na tuna a wasu shekaru Inna takan jiƙa tsohon zani ta yafa a kafaɗa ta zauna a gindin mangwaro, ko ana sanyi. Mu yara muna dariya, muna cewa Inna ta zama kifi. Ba ta taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A dama da rumfata akwai wata tela. Mutuniyar duwatsu ce daga wajen Mokolo, Kirista, ta ɗan girme ni. Fulatanci ya fi zama a bakinta, amma da ni Hausa take yi, tana cusa Faransanci inda kalma ta ɓace mata. Ina kiranta Madam, tana kirana Hajja. Mun yi shekara da shekaru a haka: mace ta sayi atamfa a wurina, ta taka ƙafa biyu ta miƙa mata ɗinki. Da rana mukan haɗa abinci mu ci a kwano ɗaya, yawanci shinkafar garin Maga da miyar kifi, wani lokaci tuwon dawa da ta zo da shi daga gida.

Wata rana ina cikin buɗe wa wata mata turamen atamfa abin ya taso mini. Na ci gaba da magana ina murmushi, gumi yana ɗiga daga haɓata. Da matar ta tafi, Madam ta tsayar da kekenta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Hajja, wannan zafin naki ba na rana ba ne."

"To na mene ne?"

"Na shekaru ne. Wata yana zuwa miki daidai?"

Na waiga in ga ko wani yana ji. Na ce mata a'a.

"Menopoz ke nan," in ji ta, kamar mai faɗin sunan wani gari da ta taɓa zama. "Ni na riga ki shiga. Akwai lokacin da nake tashi daga kan keken nan in je bayan rumfa in zuba ruwa a kaina. Ke kina ganina kina cewa ina son wanka."

Muka yi dariya. Ban san na ƙagu in ji wani ya faɗi abin da baki ba sai da na ji an faɗa.

Kashegari ta zo da wata kwalba mai ruwan ƙasa, ta fito da ita daga cikin ƙyallayen ɗinki ta miƙo mini. Ta ce 'yarta da ke aiki a Turai ce ta aiko mata da guda biyu, ta sha ɗaya ta ji daɗinta, wannan ta rage. A jikin kwalbar akwai hoton saniya a tsaye cikin ciyawa mai kore shar, saniya ba irin tamu ba, ba tozo, ba dogon ƙaho. A ciki ƙwayoyi ne dogaye, irin waɗanda ake cika su da gari.

"Ba sinadari ba ne," in ji Madam. "Daga jikin dabba aka yi shi. Abin da jikinmu ya daina yi, na saniya sai ya taimaka."

Na karanta rubutun a hankali, don ƙanana ne ƙwarai. An ce an busar da wasu sassa na jikin saniya an niƙa. Akwai ƙwan mahaifa. Akwai wani ɗan nama da ke zaune a kan ƙoda. Akwai kuma wani na maƙogwaro. An rubuta cewa yana tallafa wa mace a wannan lokaci, ba a ce yana warkar da komai ba. Na yi mata godiya na sa a jaka.

Ban sha ba a ranar, ban sha ba a makon. Ni 'yar gidan mahauta ce. Tun ina ƙarama na san cewa nama ba ya shiga bakinmu sai an san wanda ya riƙe wuƙa. Wannan saniyar ta cikin kwalba, wa ya yanka ta, kuma ta wace fuska? Sai wata dabara ta zo mini: tunda abin a jikin saniya yake, ga shanu nan ana yankawa kullum a Garwa, me zai hana in samu na gida?

Yayana mahauci ne, shi ya riƙe sana'ar mahaifinmu. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma tsakanina da shi akwai kunya irin ta wa da ƙanwa, ba mu taɓa yin zancen jiki ba. Na same shi bayan la'asar a zauren gidansa yana wasa wuƙaƙe. Muka gaisa, na tambayi iyali, na yi ta kewaye-kewaye har ya ajiye dutsen washi.

"Auta, faɗi abin da ya kawo ki."

"Yaya, akwai wani abu a cikin saniya da nake son gani."

"Hanta? Saifa?"

"A'a. Wanda ke jikin mahaifa, ɗaya dama ɗaya hagu."

Ya mayar da idonsa kan wuƙar. "Me za a yi da su?"

"Magani."

"Na wa?"

"Nawa."

Bai ƙara tambaya ba. Na nuna masa kwalbar, na fassara masa sauran abubuwan da aka rubuta. Ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallon hoton saniyar. Na tambaye shi ko yana ganin ya halatta.

"Ni ba malami ba ne," ya ce. "Abin da na yanka da hannuna shi na sani. Wannan ban ga wuyanta ba."

Washegari da hantsi sai ga shi da kansa a ƙofar gidana, abin da bai saba ba, da ɗan ƙunshi a takardar siminti. Muka zauna a tsakar gida ya buɗe. Na yi tsammanin zan ga wani babban abu. Ashe na mahaifar ba su fi dabino girma ba, farare-farare, da 'yan ƙuraje kamar ruwa ya taru a ƙarƙashin fata. Ya kawo na kan ƙodar ma, da na maƙogwaron, don in gani kawai. Ya nuna mini kowanne da bakin wuƙa.

"Ba ma sayar da waɗannan daban," ya ce. "Ko su bi kayan ciki, ko a jefar. Ban taɓa jin wanda ya nema ba sai ke."

Ya naɗe takardar, sannan ya ce, "Amma ki sani, Bafulatani ba ya sayar da saniyar da ke haihuwa. Wadda ta iso hannunmu yawanci ta gama nata ne. Ita ma ta girma."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Shi ma ya yi, yana kallon ƙasa. Wannan ita ce magana mafi kusa da muka taɓa yi da shi, kuma daga ranar idan ya aiko da nama gidana yakan sa a tambayo masa jikina.

Na dafa na mahaifar kawai, da citta da masoro da ɗan kanumfari, na ci ni kaɗai a madafa. Ɗanɗanonsu kamar ƙoda, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Na zauna ina sauraron jikina kamar mai jiran baƙo. Ba abin da ya faru. Da azahar zafin ya taso kamar kullum. Na sake gwadawa sau ɗaya ko biyu, sannan na ji nauyin ci gaba da aiken babban mutum irin Yaya neman abin da ake jefarwa, na bari.

Sai na koma ga kwalba. Na tambayi malamar islamiyyarmu, ta ce tunda ba alade ba ne kuma don magani ne akwai malaman da suka sauƙaƙa, amma idan zuciyata ba ta kwanta ba in bari. Zuciyata ba ta gama kwanciya ba, sai dai jikina ya gaji. Na yi bisimilla na fara sha yadda aka rubuta.

Makonnin farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji ƙarfi, na ji jikina ya yi sauƙi, nakan share rumfa in jera kaya kafin maƙwabta su iso. A daidai lokacin ne kuma ruwan farko ya sauka, gari ya huce, ƙamshin ƙasa ya tashi, kowa ya sami barci. Har yau ban san wanne ne ya yi aikin ba, ƙwayar ko damina. Madam tana ta murna. Kullum da safe sai ta gaishe ni da Fulatanci ta ce, "Jam na, Hajja? Yaya saniyarmu?" In ce mata saniya tana nan lafiya.

Daga baya abubuwa suka fara canzawa a hankali. Zanina ya fara yi mini yawa, alhali ina ci fiye da da. Idan na zauna shiru sai in ji bugun zuciyata a cikin kunne. Hannuna ya fara rawa, kaɗan-kaɗan, yadda in na ɗauki kofi ruwan ciki yakan yi motsi. Na ɗauka duk cikin girman ne. Zafin ma ya dawo, har ya fi na da.

Ranar da abin ya fito fili, wata mata ce daga Rey Bouba ta zo sayen kayan bikin 'yarta. Ta zaɓi wata atamfa mai ruwan goro ta ce in raba mata turmin biyu. Wannan aiki ne da nake yi ko idona a rufe. Na ninka, na sa almakashi, sai hannuna ya ƙi bin layi. Yankan ya karkace ya shiga cikin zanen. Na tsaya ina kallonsa. Zuciyata tana bugawa kamar ana kiɗa a ƙirjina, numfashina ya yi gajere. Na ba matar haƙuri na ɗauko mata wani turmin, Madam ta zo ta karɓi almakashin ta raba mata.

Da matar ta tafi, Madam ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Fuskarta ta canza.

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Tashi. Kwalbar tana jakarki?"

Na ce tana ciki. Ta rufe kekenta da zani, ta roƙi maƙwabcinmu mai takalma ya duba mana rumfuna, ta tsayar da babura biyu. Muka bi ta cikin taɓon kasuwa muka fita titi, zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar gada.

Likitar mace ce daga kudu, matashiya, mai sanyin murya. Da Faransanci muka yi magana. Ta auna jinina, ta saurari ƙirjina, ta sa na miƙa hannuwa ta ɗora takarda a kansu, takardar tana ta karkarwa. Ta taɓa wuyana. Ta tambaye ni ko ina shan wani abu. Madam ce ta ciro kwalbar ta ajiye a kan tebur.

Likitar ta karanta har ƙasa, ba ta yi tsaki ba, ba ta yi mana faɗa ba. Ta sa yatsa a kan kalma ɗaya.

"Wannan na maƙogwaron shi nake zargi, Mama," ta ce. "Ke ma kina da irinsa a wuyanki, shi ke saita saurin aikin jiki. Na dabba idan an busar da shi yakan riƙe ƙarfinsa. In naki yana aiki lafiya kika ƙara masa na saniya, jiki sai ya yi ta gudu. Zuciya ta yi sauri, hannu ya yi rawa, mutum ya rame."

"Na mahaifar fa?" na tambaya. "Don shi na sha."

"Wannan ban san yana yin wani abu ba. Mai yiwuwa ciki ya narkar da shi kamar kowane nama. Matsalar irin waɗannan kwalabe ita ce ba a gwada su yadda ake gwada magani. Ba wanda zai gaya miki yawan abin da ke cikin kowace ƙwaya. Wata kwalbar ba komai a ciki, wata kuma da yawa."

Madam ta ce, da ƙaramar murya, "Ni na sha ban ga wata illa ba, Dokta."

"Yana yiwuwa. Jiki ya bambanta, kwalba ma ta bambanta. Amma ke ma zan so in duba ki."

Aka ɗebi jininmu mu biyu. Likitar ta ce in daina sha daga ranar, ta rubuta mini wata ƙwaya da za ta lafar da zuciyar na ɗan lokaci. Ta kuma yi mini bayanin da ba wanda ya taɓa yi mini: abin da ke raguwa a jikin mace a waɗannan shekaru, dalilin zafin, dalilin rashin barcin. Ta ce akwai magani na gaske da ake ba mata don wannan, wanda aka auna aka san yawansa, yana taimakon mata da yawa, amma ba kowa ake ba ba, kuma jinina ya hau, sai ya sauka tukuna mu zauna mu duba. Ta riƙe kwalbar a wurinta.

A hanyar dawowa Madam ta raka ni har gida, ta gaishe da maigidana daga bakin ƙofa, ta tafi.

Na yi kwanaki a gida. Sakamakon jinin ya nuna abin da likitar ta zata, na Madam kuwa lafiya lau. Rawar hannun ta ragu a hankali, zuciyar ta koma tafiyarta. Da na koma kasuwa na tarar an share mini rumfa an kakkaɓe kaya, amma Madam ta canza. Tana gaishe ni, tana turo mini masu saye, sai dai ba ta ɗago ido sosai. Da rana sai ta ce ta riga ta ci, ko ta ce tana da ɗinkin gaggawa. Na ci shinkafata ni kaɗai ina jin ƙarar kekenta ta bayan labule. Abin ya fi rawar hannun damuna.

Duk tsawon zamanmu ban taɓa zuwa gidanta ba. Ta zo nawa lokacin suna da biki da rasuwar Inna, ni kuwa kullum sai in aika. Ranar wata Lahadi na jira har na tabbatar an taso daga coci, na dafa dambun nama na sa a kwano, na hau babur na yi ta tambaya har na sami gidan, can bayan gari inda mutanen duwatsu suka fi yawa. Ƙaramin gida ne mai tsabta, da kuka a tsakar gida da 'yan awaki a ɗaure. Na same ta da kayan cocinta ba ta ko cire ba, tana tsince wake.

Ta miƙe tsaye da ta gan ni. "Hajja, ke ce a nan?"

"Ni ce. Tunda kin daina cin abincina a kasuwa na biyo ki da shi."

Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta kawo ruwan folere mai sanyi, wato zoɓo. Mijinta ya fito ya gaishe ni da Fulatanci ya koma ciki. Muka zauna. Na ja tiren waken gabana na fara taya ta tsincewa.

"Na kusa kashe ki," ta ce.

"Ba ki kusa ba. Likita ta ce an zo da wuri. Kuma ke kika kai ni."

"Ni na ba ki."

"Kin ba ni abin da kika sha da bakinki. Da kin san da cuta a ciki da ba ki sha ba."

Ta jujjuya wake a tafin hannu. Sannan ta gaya mini abin da ya fi cin ranta: ba ta iya gaya wa 'yarta ba. Yarinyar tana can ita kaɗai a ƙasar sanyi, tana aikin kula da tsofaffi, ta ji uwarta na fama ta je ta nemo abin da aka ce mata mai kyau ne ta aiko. Duk lokacin da suka yi waya sai ta tambaya ko a ƙaro. Madam ta ce ta rasa yadda za ta ce mata a'a ba tare da ta karya mata zuciya ba.

Na ce ta kira ta yanzu, ni zan yi magana. Ta yi jinkiri, sannan ta kira. Na gaishe da yarinyar, wadda na sani tun tana zuwa rumfa da kayan makaranta. Na gode mata, na gaya mata abin da ya faru ba ƙari ba ragi, na ce kada ta ƙara saye, kuma in tana da ƙawaye masu aika wa iyayensu ta gaya musu su fara nuna wa likita. Ta yi ta ba ni haƙuri. Na ce in tana son aiko wa uwarta wani abu ta aiko da tabarau mai kyau, don wannan na yanzu da zare aka ɗaure shi. Na ji dariyarta, Madam ma ta yi, tana goge ido da bakin zani.

Mun daɗe a inuwar nan. Ta ba ni labarin mahaifiyarta a kan dutse, yadda bayan jini ya ɗauke mata aka fara kiranta wurin haihuwa da wurin sulhu, ta zama mai zama inda da ba ta zama. Ta ce tsohuwar takan hau dutse da tulu a ka har ta tsufa tukuf, kuma in zafin ya taso mata sai ta tsaya ta juya fuskarta wajen iska har ya wuce, ta ci gaba da hawa. Sai da aka kira la'asar daga wani masallaci can nesa na tashi. Ta kawo mini ruwa a buta, ta nuna mini ɗaki mai tsabta, na yi salla a gidanta.

Litinin muka ci abinci a kwano ɗaya.

Likitar ta ce in riƙa tafiya da ƙafa, don haka na fara fita bayan asuba in bi hanyar da ta gangara bakin Binuwai. A lokacin kogin ya cika, masunta suna turo kwale-kwale, mata suna wanki a kan duwatsu, wani lokaci a hango kan dorina can tsakiya kamar baƙin dutse. Na rage shayi mai ƙarfi da yaji. Madam ta ɗinka mini riguna masu faɗi da yadin auduga marar nauyi, ta buɗe hannuwan sosai don iska ta shiga. Matan da suka kai shekaruna suka fara tambayar ɗinkin, in na ga mace tana fifita da gefen mayafi alhali gari da sanyi sai in ce mata ta leƙa wurin Madam, akwai rigar da za ta yi mata daidai. Wasu sukan gane, su zauna mu yi hira.

Da jinina ya sauka na koma asibiti. Muka zauna da likitar ta faɗa mini amfanin wancan maganin da abin da ake tsoro a cikinsa, ta bar mini zaɓi. Na ce zan ɗan jira in gani. Ta ce ba laifi, in abin ya fi ƙarfina in dawo. Ban koma don shi ba, ko da yake na san wata ƙawata da ta karɓa kuma ta ji daɗinsa ƙwarai. Zafin bai tafi lokaci ɗaya ba. Ya yi shekaru yana zuwa, yana rage ƙarfi, yana rage yawan zuwa, har wata rana na lura na manta rabona da shi.

Azumin da ya biyo bayan wannan damina ya zo mini da abin da ban yi tsammani ba. Tun ina budurwa ban taɓa yin watan gaba ɗaya ba, kullum akwai kwanakin da zan sha, in zo ina ramuwa bayan salla lokacin da kowa ya koma cin abincinsa. A wannan shekarar na ɗauka daga ganin wata, ina jira a katse ni, ba a katse ni ba. Na yi goman farko, na yi na tsakiya. A goman ƙarshe na daina jira. Ban bar salla ko ɗaya ba, ban ajiye Alƙur'ani ba, na sauke shi a karo na farko a cikin watan. Ƙishirwa ta dame ni, zafin ma yakan taso ana dab da shan ruwa, amma akwai wata natsuwa da na samu wadda ban san da ita ba a da.

Ranar salla da safe babbar 'yata ta zo da yaranta don mu tafi idi tare. Tana ɗaura wa ƙaramar ɗankwali ta tambaye ni, kamar yadda mata ke tambayar juna, ko ramuwa nawa ke kaina bana.

"Babu," na ce.

Ta ɗago ta dube ni. Sai ta gane, ta yi murmushi.

"To Mama, sai ki taya ni da addu'a, ni da saura."

Na ce zan taya ta. Na ɗauki darduma, na kama hannun jikata, muka fita. Titi ya cika da mutane cikin sababbin kaya, da yawa daga cikin atamfofin na gane su, daga rumfata suka fito.